Injin Sitika da Likitocin Bakin Kasuwa

A Tignère, hedikwatar Faro-et-Déo da ke Adamawan Kamaru, zuma ba baƙuwa ba ce. Baƙon abu shi ne a gan ta da sitika a goshi, ga sunan mai ita, ga farashi a sefa, ga waɗansu layuka baƙaƙe kamar zanen jakin dawa. Da can tsohuwar robar ruwan Tangui ta wadatar: mai saye ya dangwala yatsa ya lasa, ciniki ya faɗa. Yanzu kuwa wanda ya leƙa kantunan Ngaundere sai ya dawo da ɗan injin buga sitika a hammata, irin su Xprinter ɗin da ake yi a Sin.

Makon farko lafiya lau. Wasan yana farawa ne ran da naɗin takarda ya ƙare aka sa sabo. Alhaji mai shagon zuma ya danna, inji ya yi gurnani, ya turo sitika fara fat, ko ɗigo babu.

Kafin ya gama salati shago ya cika da likitoci. Mai faci ya ce tawada ce ta ƙare. Mai shayi, wanda ya taɓa yin shekara biyu a Garwa, don haka ba a ja da shi a harkar na'ura, ya ce a ɗan mare shi a ƙeya, haka ake yi wa rediyo. Wani ya duƙa yana hura shi kamar garwashi. Dattijon kan benci kuwa kai kawai ya girgiza. Tun ranar da aka kawo injin nan ya ga irin kallon da maƙwabci ya yi masa. Baki ne, a nemo turare.

Alhali injin nan bai taɓa shan tawada ba. Da zafi yake rubutu. Takardar ce aka shafa wa sinadari a fuska ɗaya, kan injin kuma jere yake da ƙananan ɗigogi masu ɗumi, takwas a kowace milimita, duk inda suka taɓa ya yi baƙi. In an kifa naɗin, bayan takarda suke gasawa a banza. In kuma aka sayo irin sitikar da sai da kirtanin tawada take aiki, haka za ta fito wayam. Gwajin bai fi na farce ba: a karci sitikar da ɗan ƙarfi, in ta yi baƙin layi, ita ce. Duk wannan yana cikin ɗan littafin da ya zo a kwali, sai dai littafin ya daɗe da tafiya da tsire a cikinsa.

Yaron shago ya sani, a waya ya gani.

"Baba, ko a juya takardar?"

"Kai, tashi ka kawo wa baƙi ruwa. Manya na magana."

Akwai kuma ciwon tsallake, inda sunan Alhaji zai fito a sitika ɗaya, farashi ya tsere zuwa ta gaba. Wani ɗan ido ne a ciki da ke gane tazarar da ke tsakanin sitika da sitika, ƙurar hunturu da danƙon zuma suka rufe shi. Magani shi ne a cire wuta, a goge idon da kan injin da auduga da alkol na farmasi, a bari ya bushe, sannan a sa shi ya sake auna takardarsa. Amma auduga ba ta da kwarjini a idon jama'a. An fi yarda da reza. Da ita ake kankare sitikar da ta maƙale, a karce kan injin, daga ranar kowace sitika ta riƙa fitowa da farin tsage daga sama har ƙasa, layukan nan su tashi aiki.

Ba wata asara ba ce, tunda babu na'urar karanta su a shagon. A 1974 aka fara haska irin layukan a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, a jikin fakitin cingam, shekarar da layin dogo ya iso Ngaundere. Sun yi shekara hamsin kafin su hauro gindin dutsen Tchabal Mbabo, suka iso a matsayin kwalliya.

Rana ma tana da nata. Takardar da zafi ke rubuta wa, an jera ta a kan tebur a tsakar rana, sai ta koɗe ko ta dafe. Mai dabara ya lulluɓe ta da salatif don kariya, mannen salatif ɗin ya cinye rubutun. Abin mamaki, in ranar lalacewar kaya ce ta goge, ba a taɓa jin an tara likitoci ba.

Injin Alhaji dai an naɗe shi a zani, an damƙa wa direba da kuɗin mota, ya tafi Ngaundere. Mai gyara ya buɗe murfi, ya juya naɗin, ya rufe, ya ajiye shi kwana uku don kada aikin ya yi araha, ya karɓi jaka biyar. Da yamma a majalisa Alhaji ya bayyana cewa wani babban abu ne ya ƙone a ciki, Allah ya sa an kai da wuri. Mai shayi ya ce shi dama ya faɗa. Yaron kuma aka ce ya ɗauki injin ya kai ciki, ya yi a hankali, ba abin wasan yara ba ne.