Bayanin Yawon Ƙasar Gana, Daga Zangon Kumasi Zuwa Ɗambatta

Takarda ta fito daga zangon Kumasi zuwa ga kakanni da taubasai na ƙauyukan Ɗambatta.

Yawon buɗe ido a ƙasar Gana, irin wanda 'yan zango kan haɗa kuɗi su yi bayan Babbar Sallah, daga Akra yake farawa, ya bi bakin teku ya yi yamma, sannan ya karya arewa ya ratsa kurmi har Kumasi. Mota ɗaya ake ɗauka da jagora ɗaya. Jagoran yana riƙe da 'yar lasifika, yana bayani da Turanci da Tuwi, in ya ga huluna sun yi yawa a motar sai ya juya Hausa, domin ita ce harshen zango tun daga bakin teku har Bawku. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa guda. Wannan albishir ne ga taubashin nan da rana ke riga zuwa gona kullum: in ya zo nan, mai sammako za a kira shi.

Akra ta zama babban birni a 1877. Wurin da ake fara tsayawa shi ne kabarin Kwame Nkrumah, a filin da ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. A can gefe an ajiye tsohon mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966, ga gangar jiki a tsaye, ga kan a kusa da ita. Daga nan sai babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, ginin Turkawa wanda aka buɗe a 2021, a garin Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari a duniya. A Nima da Sabon Zango kuwa akwai koko da ƙosai da safe, akwai fura da rana, akwai tuwo da dare. Saboda haka Kaka, wadda ke kiran mai takardar nan mijinta, ta daina kukan cewa yana kwana da yunwa. Ba a yi mata kishiya ba tukuna, amma matan Nima sun iya suyar ƙosai, ta dai kiyaye.

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, teku tana hannun hagu. Ruwa ne mai gishiri, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, ba ya kuma kwanciya dare da rana. Dam ɗin Tomas, wanda taubasai ke cika baki da shi, in aka juye shi a ciki ko kifi ba zai san an yi baƙo ba. Masunta suna fita da manyan kwalekwale masu fenti da tutoci, amma ranar Talata ba su shiga ruwa, al'adarsu ce tun kaka da kakanni.

A bakin wannan teku gidajen dutse na Turawa suke, kuma a nan wasa yake tsayawa. Na Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast mutanen Suwidin suka fara shi a 1653 kafin Ingilishi su mallake shi. Daga waje fari fat suke, da igogi jere suna kallon ruwa. A ƙarƙashi kuwa kurkuku ne mai duhu, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa can sama, inda ake cusa ɗaruruwan bayi su yi makonni suna jiran jirgi, wurin kwanansu shi ne wurin bayan-gidansu. A Cape Coast, ɗakin ibadar Turawan yana saman kurkukun maza daidai. A Elmina akwai baranda da gwamna ke tsayawa ya leƙa tsakar gidan mata ya nuna wadda yake so. Jagora yakan shigar da mutane ɗakin da ake jefa masu tawaye, ya rufe ƙofa na ɗan lokaci, babu mai fitowa da sauran surutu a bakinsa. Ƙarshe sai ƙofar da ke fita bakin ruwa, wadda duk wanda ya bi ta ba ya dawowa. Jikokin waɗanda suka bi ta suna zuwa daga Amurka da Jamaika suna ajiye furanni suna kuka. Barack Obama ma ya zo da iyalinsa a 2009.

Abin da ya kamata ɗan Arewa ya riƙe shi ne, da yawa daga cikin bayin nan daga arewa aka gangaro da su. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, ana nuna rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su hannun Turawa. Ko bayan Ingila ta hana cinikin a 1807, kasuwannin cikin ƙasa ba su mutu ba, kuma fataken Hausa suna cikin masu kai bayi kasuwar Salaga su musanya da goro. Wanda ya tsaya a kurkukun nan ya ɗora wa Bature laifin duka, bai gama karanta tarihin gidansu ba.

Arewa da Cape Coast kaɗan akwai dajin Kakum, inda aka ɗaure gadojin igiya guda bakwai a ƙwanƙolin itatuwa, tsawonsu daga ƙasa ya doshi mita 40. Katako ɗaya ne ake takawa, raga dama da hagu, gadar tana lilo. A irin wannan tafiya ba a rasa Bazazzage mai cewa shi ba ya tsoron komai. Shi ne kuma wanda ake jin salatinsa tun daga gada ta farko, yana sauka ya ce iska ce ta sa masa hawaye. Ƙasar kurmi damina biyu gare ta a shekara. Rogo da ayaba da koko da kwakwar manja suke nomawa, manomi da sara da sassabe yake fama, ba da neman taki ba.

Kumasi ita ce cibiyar Asante. Tsohon gidan sarauta na Manhyia, wanda yanzu gidan tarihi ne, Ingilishi suka gina shi a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo a 1924 daga tsibiran Seshel; tun 1896 suka kama shi. A 1900, da gwamnan Turawa ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya hau, mace ce, Yaa Asantewaa, ta ja maza zuwa yaƙi. Kada a karanta wa matar Yaya wannan wurin, domin tun ba ta ji ba ma Yaya yana ji a jikinsa. Sarki na yanzu, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, yana kan gado tun 1999, yana zaman fada na Akwasidae duk bayan mako shida, da tambura da manyan laimomi. Kasuwar Kejetia kuwa, wanda ya saki hannun jagora sai dai a nemo shi da la'asar.

Aibin wannan yawo ɗaya ne, a Kumasi yake ƙarewa, alhali ga Bakano rabin labarin yana Salaga, a ƙasar Gwanja. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta bin ta da jakuna, wata da watanni, suna kai kanwa da tufafi da fatu suna dawowa da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa fataken, suka bazu suka cika zangunan ƙasar. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami mawaƙi, wanda ya koma Kete Krachi ya rasu a can a 1934. Alhassan Ɗantata ma a wannan ƙasa ya yi fataucin goro, yana loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin gyaɗa ta ɗaga sunansa. Tsofaffin rijiyoyin Salaga suna nan har yau, sai dai masu ziyara kaɗan ne.

Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS. Fasfo da katin allurar shawara sun isa. Mota tana tashi daga Legas ta bi Kwatano da Lome ta shiga ta Aflao. In an gama kaka an sayar da gyaɗa da wake, taubasai su yi shiri su zo, a tafi har Salaga. A taho da kuka da daddawa da kilishi, amma a zuba su a buhu, kada a shigo wa mutane da jakar Gana-mas-go, ba su manta korar da aka yi musu daga Najeriya a 1983 ba. Masauki a zango kyauta ne, kuɗin mota kuwa kowa ya biya nasa, har taubashi.