Na Goro a Gidan Ɓeran Amurka

Akwai wata irin wahala da Allah Ya kare talaka daga shan ta, sai mai kuɗi ne kaɗai ke iya sayen ta. Ita ce wahalar kai iyali hutu gidan wasan Disney. Mutum ya sha fama kafin ya sami biza, ya sayi tikitin jirgi na mutum biyar, ya keta teku har jihar Fulorida, ya kama otal, ya biya kuɗin shiga, duk don ya sami damar tsayawa cikin rana yana kallon ƙeyar wani Bature da bai sani ba. Kuma wa aka je gaisarwa? Ɓera. Magidancin da ke sayen maganin ɓera duk wata a gidansa, shi ne zai sa hula mai kunnuwan ɓera a birnin Orlando na can Fulorida yana washe baki a ɗauke shi hoto.

An buɗe Walt Disney World ran 1 ga Oktoba 1971, kuɗin shiga dala uku da rabi ga babba, ko da yake a wancan zamani kowane lilo da nasa tikitin. Yau filayen wasa huɗu ne a wurin, kuma a ranakun cunkoso tikitin yini ɗaya na ɗaya daga cikinsu, Magic Kingdom, ya haura dala 180 ga mutum guda. Tsadar ba ta kori kowa ba. Sama da mutum miliyan 17 ne suka shiga Magic Kingdom kaɗai a 2023, wato kusan dubu 48 kowace rana, kowannensu kuma yana so ya hau abubuwa biyar ɗin nan da kowa ke so. Sai layi. Layin da ke da allo a bakinsa yana gaya maka cikin ladabi cewa saura minti 90 ka kai gaba.

Da farko kamfanin ya ji tausayin mutane. A 1999 ya fito da FastPass: ka zura tikitinka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi yawonka, lokaci ya yi ka shige ta gajeriyar hanya. Kyauta ne, ko sisi ba a karɓa. Shekara ashirin ba a biya. Da annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da shi, mutane suka zaci na ɗan lokaci ne. Ashe an yi masa jana'iza ba a gaya musu ba. A Oktoban 2021 ya dawo da sabon suna, Genie+, da farashin dala 15 a kan kowane mutum kowace rana, farashin da bai daɗe ba ya fara hawa da sauka gwargwadon yawan jama'a. A Yulin 2024 aka sake raɗa masa suna, ya koma Lightning Lane Multi Pass. Kada ka ɗauka da ka saya ka gama, domin manyan lilon da ka keto teku dominsu, irin su Flight of Passage da Rise of the Resistance, ba sa cikin cinikin. Su nasu daban ne, a biya ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ba ya son ciwon kai, tun daga ƙarshen 2024 akwai Premier Pass, wanda kan kai dala 449 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, ban da kuɗin shiga. Sama da wannan ma akwai ɗan rakiya na musamman, da ake biya daga dala 450 a kowace awa, kuma ba a ɗaukar sa ƙasa da awa bakwai. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Mu dai mun san wannan sana'a tun ba yau ba. Lokacin ƙarancin fetur, ka kwana a layi a gidan mai, gari ya waye, sai ga wata mota mai baƙin gilashi ta shigo ta ƙofar fita, an miƙa wa mai gadi na goro, an cika mata tanki, ta fice. Mu bi ta da Allah ya isa. Kullum ana tara mu a manyan otal-otal ana yi mana bita a kan illar irin wannan hali, ana cewa shi ya hana mu ci gaba. To ga shi a ƙasar da ta ci gaba, sai dai su sun yi wa ƙofar fitar fenti, sun kafa mata allo, sun sa yarinya mai murmushi a bakinta, suna kuma ba da rasit. Mai tsallake layi ba ya sunkuyar da kai, ɗaga waya yake yi, na'ura ta haska kore, ya wuce ta gabanka yana lasar askirim.

Lissafin kuwa ba ya buƙatar zuwa jami'a. Kujerun lilo ƙidayayyu ne, abin da zai iya ɗauka a awa ɗaya ba ya ƙaruwa don wani ya biya. Duk kujerar da aka ba mai gajeriyar hanya, daga hannun mai doguwar hanya aka ƙwace ta. Ke nan kowane tikitin tsallake da aka sayar yana ƙara wa layin talakawa tsawo, tsawon layin kuma shi ke sa wani uban ya karaya ya ciro katin banki. Mai sayar da maganin shi ne mai kiwon cutar. Idan kowa ya saya, gajeriyar hanya ita ma ta yi layi, sai a buɗe wata da ta fi ta gajarta, da farashin da ya fi nata. Kada kuma a ce ladabin bin layi a jinin Turawa yake. A 2013 jaridun Amurka sun fallasa yadda wasu attajiran New York ke ɗaukar hayar naƙasassu su raka su wurin a matsayin 'yan'uwa, don a shigar da su ta ƙofar masu lalura. Sai da kamfanin ya sauya dokar gaba ɗaya a shekarar.

Amma wanda na fi tausayawa shi ne Alhajinmu, wanda a gida ko kofin shayinsa ba ya ɗauka da kansa. A can shi ne direba, shi ne sakatare, shi ne ɗan dako. Ƙarfe bakwai na safe ake buɗe rajista a manhaja, don haka bawan Allahn da ladan ke fama da shi kowace asuba, sai ga shi zaune a bakin gado tun shida da rabi, ya riƙe waya da hannu biyu yana jiran agogo. Ya zaɓi lilo uku, kowanne da awarsa, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Daga nan yini ya zama tsere.

"Alhaji, yaran nan fa yunwa suke ji."

"Hajiya, a yi haƙuri, sha ɗaya da kwata muke da shi a Space Mountain. Na biya."

"Baba, fitsari."

"Ka riƙe. Na ce na biya."

Wannan kalma ta "na biya" ita ce taken tafiyar. Yaro na son tsayawa ya kalli agwagwa a bakin tafki, ba hali, an biya. Hajiya ƙafa ta kumbura, an biya. Gidan sarautar nan mai hasumiyoyi da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa, Alhaji bai ɗaga kai ya gan shi ba, yana duƙe a kan waya yana neman gurbi na huɗu, caji kuma saura kashi tara. Idan an kai ga lilon, abin ba ya cika minti uku, Alhaji kuma idonsa a rufe daga farko har ƙarshe yana salati da ƙarfi. Su sauko jiri na ɗibarsu, sai su tarar hanyar fita ta cikin kanti aka bi da ita, daidai tsayin idon yaro an jera 'yan tsana. Da la'asar, in lokacin zafi ne, hadarin Fulorida ya haɗo, a rufe lilon da ke waje saboda tsawa, iyali su raɓe a ƙarƙashin rumfa cikin rigunan leda da su ma sayen su aka yi.

Duk wannan ba ya fitowa a WhatsApp. Abin da dangi za su gani shi ne hoto ɗaya, kowa na murmushi, an rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa. Ba wanda ya taɓa ɗora hoton layi. Idan sun dawo ka je sannu da zuwa, Alhaji ya miƙe ƙafa a cikin ruwan ɗumi yana ce maka ai sun huta sosai, lallai kai ma ka kai naka. Ka jawo autan gidan ka tambaye shi abin da ya fi burge shi a Amurka, zai ce maka wurin ninƙaya na otal.

Ba na musun cewa wurin abin kallo ne. Tsabta, tsari, da gwanintar da aka zuba a ginin waɗannan abubuwa sun isa a jinjina musu, kuma yaron da ya kai shekara takwas zuwa sama zai daɗe yana ba da labari. Na goye kuwa asarar kuɗin jirgi ne kawai, gara a bar shi wajen kakarsa. Mai niyyar zuwa ya guji makon Kirsimeti da na Ista, lokacin da Amurkawa kansu ke tururuwa can. Watan Satumba ya fi sauƙin jama'a don yaransu sun koma makaranta, sai dai namu ma sun koma, kuma lokacin guguwar teku ne a Fulorida.

Game da tikitin tsallake layin, hukuncina shi ne ka saya. Wanda ya zubar da miliyoyin naira ya iso bakin ƙofa, in ya tsaya yin rowa a kan dala talatin, kansa da 'ya'yansa ya cuta, kamfanin kuma ya san haka sarai, shi ya sa ya ajiye tarkon a ƙofar ƙarshe. Ka biya, ka wuce ta gaban bayin Allah, ka hau lilonka. Roƙona ɗaya ne, Alhaji: in ka dawo, kada mu haɗu a gidan mai ka fara ba mu labarin yadda Turawa ke bin layi.