'Yan Gudun Ɗari a George Town

Mu ci-rani muka sani, su kuwa mutanen Kanada da arewacin Amurka gudun ɗari suke yi. Da zarar Nuwamba ta ƙare, an fita lokacin guguwa, sai su gangaro Filorida da jiragensu masu filafilai, su tsallaka Bahamas, su bi jerin tsibiran Exuma har George Town. A nan, tsakanin gari da tsibirin Stocking, ɗaruruwan jirage ke jefa anga har Afrilu. Hunturu uku na yi a cikinsu, kuma ban taɓa zama a unguwar da masu unguwa suka yi yawa haka ba.

Babbansu shi ne Sarkin Oba-oba. Ba wanda ya naɗa shi. Ƙarfe takwas na safe kowa ke kunna rediyon jirgi don jin hasashen iska da cigiya da sanarwa, shi kuwa ba sashen da ba shi da ta cewa. Wata ta yi cigiyar takalmi ɗaya da ya faɗa ruwa, sai Sarki ya danna maɓalli ya yi mana bayanin inda igiyar ruwa ke kai takalma a wannan watan. In baƙo ne kai, kafin angarka ta kama yashi ya iso a kwale-kwalen robarsa, ya dafe gefen jirginka, ya ce ba zai daɗe ba. Angarka ba irin ta nan ba ce. Batiranka sun yi kaɗan. Tutarka ta koɗe, cin mutuncin ƙasarka ne. Shayi ya huce, rana ta take, hannunsa na nan inda ya sa shi. Abin takaicin, rabin maganarsa gaskiya ce. Ranar da famfon sanyaya injina ya mutu, shi ya zo da robar canji a cikin tsohon gwangwanin biskit, ya ƙi karɓar ko sisi. Ladan da na biya shi ne sauraron tarihin injin dizal, tun daga kan Rudolf Diesel, har magariba.

Akwai uwar kwamiti, wadda ta yi ritaya don ta huta da taro, ta zo bakin teku ta kafa kwamiti uku: motsa jiki da safe, ƙwallon raga ƙarfe biyu, sai shirin bikin tseren jirage. Akwai mai busa ƙaton dodon-koɗi duk faɗuwar rana, shekara da shekaru, har yau ƙarar saniya mai naƙuda yake fitarwa. Akwai wanda ke zuwa ciyayyar bakin yashi da ƙullin gyaɗa ɗaya da faranti biyu. Sai attajirin da jirginsa ya fi gidana tsada, amma ka same shi a famfon ruwan kyauta na gadar kwale-kwale da jarka goma sha biyu, layi ya miƙe a bayansa.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai gajeren sarƙa. Yaron da ya kwana uku a jirgi ya san ana sakin sarƙa ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa. Shi sai ya shigo dab da duhu, ya bar fili fetal, ya zaɓi ta inda iska ke zuwa maka, ya wurga anga kamar mai zubar da shara, ya kulle jirgi ya tafi shan giya. Ya san iskar arewa na tafe, an faɗa da safe. Ƙarfe biyu na dare iska ta juya, jirginsa ya taho da baya, ba fitila, ba kowa a ciki. Ni da matata muka fito cikin ruwan sama muna tare tan goma da balan-balan ɗin roba, angarsa ta sarƙe da tawa. Da gari ya waye ya leƙo, kofi a hannu, ya ce da alama ni na matso cikin dare.

Rukuni na ƙarshe su ne 'yan gobe. Turawa kan kira matsoraci kaza, shi ya sa suke wa wannan mashigi laƙabi da tashar kaji: daga nan zuwa Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico sai ka yi ta karo da iskar gabas, gaba da gaba. Ɗan gobe ya sayi taswirori, ya cika jirgi da shinkafa da gwangwanaye, kullum yana jiran iska ta lafa. Ta lafa, sai ya ce ai yanzu ba ta isa tura jirgi ba. Na san wani da ya yi bankwana sau uku a rediyo, har uwar kwamiti ta haɗa masa walima. Sarƙarsa ta yi gansakuka, ƙananan kifaye sun tare a ƙarƙashin jirginsa. Taswirorin suna nan ƙarƙashin katifata, sun ma hana ta danshi.