Yadda Ake Ba da Tsohuwar Mota Kafin Alƙalami a Kance

Musaya da ciko, wato mutum ya miƙa tsohon abin hawansa ya ƙara kuɗi a ba shi wanda ya fi shi, ciniki ne da aka sani a ƙasar Kance tun zamanin doki da jaki, sai dai a da ana zube cikon nan take a watse, yanzu kuwa ana biyansa kaɗan-kaɗan har tsawon shekara biyu ko fiye. A wannan sabon tsari tsohuwar mota ita ce ke zama kafin alƙalami, ma'ana kason farko da mai saye ke ajiyewa kafin a rubuta yarjejeniya, ragowar kuma ya zama bashi a wuyansa. Da yake bankuna sun fi sakin jiki da ma'aikacin da albashinsa ke shiga ta hannunsu, direban da ke jigila tsakanin Takeita, Kance, Matamaye da Ɗan Barto yakan ƙulla irin wannan ciniki da wani attajiri mai sayar da motoci a Damagaram ko Maraɗi, ko kuma ya ƙetare iyaka zuwa Daura da Kano.

Aiki na farko yana cikin zuciyar mai motar, domin babu mutumin da ya taɓa yi wa tsohuwar motarsa kuɗi daidai. A lissafinsa akwai ranar da ta ɗauko amaryar ƙanensa, da daren da ta kai mai naƙuda asibitin Matamaye ana tsuga ruwa, da buhunan gyaɗar da ta kwasa shekara da shekaru ba ta ce ta gaji ba, alhali mai saye abin da yake gani shi ne ƙofar da aka ɗaure da tsumman roba, da gilashin da ba ya hawa sai an kama shi da hannu biyu, da wayoyi biyu da ake haɗawa a madadin makulli. Maganin wannan ƙauna shi ne a nemi tayi, wato farashin da mai saye ya furta da bakinsa, daga mutum uku da ba su san da juna ba, kuma a kuɗi hannu: direba ɗan'uwa a tasha, da bakanike mai neman kayan gyara, da mai sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli. Tayin na ukun yana da ɗaci, kuma ya kamata mai mota ya saurare shi a zaune, amma shi ne ƙasan da farashi ba zai gangara ya wuce ba.

Wanke mota da omo, da share kujeru, da fitar da ɓawon rake na bara daga ƙarƙashin shimfiɗa, duk halal ne kuma mutunci ne. Abin da ya saɓa wa hankali da shari'a shi ne ɓoye aibi: a ɗura baƙin mai mai kauri don a rufe bakin inji, ko a tayar da motar tun da asuba don dillali ya tarar da ita da ɗumi, ko a ajiye ta a kan gangare da sunan neman inuwa. A babban birni wataƙila wannan dabara ta kwana biyu, amma a Kance da wuya a sami yaron unguwa da bai taɓa tura motar ba, kuma fasinjan da ya kwana da ita a daji yana nan da ransa a bakin kasuwa. Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, ya ba mai saye damar mayar da haja idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, saboda haka wanda ya lissafa lahanin motarsa a gaban shaidu ya toshe hanyar rigimar gobe, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shi kuwa dillali, wato mai shiga tsakani da ke karɓar la'ada idan ciniki ya faɗa, yana da nasa karatun. Yakan zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba, ya shuri taya, ya sa yatsa a bututun hayaƙi ya duba baƙin da ya fito, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya, sannan ya ce, "Alhaji, ai sai dai a yi haƙuri." Wannan duka sana'a ce, kuma ba abin fushi ba ne, amsar da ta dace ita ce "albarka", a faɗe ta da fara'a. Tambayar da ya wajaba a yi masa a fili ita ce wa ke biyansa kuma nawa, domin dillalin da ke cin la'ada a tsohuwar mota, ya ci a sabuwa, ya kuma ci a kan bashin, ba zai taɓa ganin tsadar bashin ba. Matsalar ta kai har Ingila, inda a watan Janairu na 2021 hukumar kula da harkokin kuɗi ta haramta tsarin da ke ƙara wa mai sayar da mota la'ada gwargwadon yadda ya ɗaga wa mai saye kuɗin ruwa.

Gundarin al'amarin shi ne cewa abin da ake kira ciniki ɗaya a gaskiya ciniki uku ne aka cusa a buhu guda: sayar da tsohuwar mota, da sayen sabuwa, da cin bashi. Mai sayarwa ya fi son a yi maganar adadi ɗaya tak, wato abin da za a riƙa kawowa duk wata, domin a cikinsa ne komai ke ɓuya. A ɗauki misali. Tsohuwar mota ta sami tayin sefa 900,000 a kasuwa, sai attajiri ya ce don girmamawa zai karɓe ta a 1,200,000, mai ita kuwa ya ji an san darajarta, ya fara murmushi tun kafin ya ji sauran magana. Sabuwar motar kuɗi hannu 3,500,000 ce, amma a bashi an sa ta 4,800,000, don haka bayan an cire kafin alƙalami saura 3,600,000, a biya 150,000 duk wata har wata 24. Idan aka zauna da alƙalami za a ga cewa mutumin ya ba da motarsa ɗungurungum, kuma har yanzu ana binsa abin da ya fi kuɗin sabuwar a kasuwa. Giɓin da yake buƙatar cikewa na gaskiya 2,600,000 ne, zai biya 3,600,000, wato miliyan guda ke nan a kan jinkiri, kuma sefa 300,000 ɗin da aka yi masa karamci da su an riga an kwashe su ta ɗaya aljihun. In an auna wannan ƙari da ma'aunin banki ya haura 30 cikin 100 a shekara, alhali iyakar da ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka sa a farkon 2014 ita ce 15 ga bankuna da 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni. Don haka sai a tambayi farashin sabuwar kuɗi hannu tun kafin a ambaci cewa akwai tsohuwa, wadda ya kamata a baro ta a gida a ranar farko, ko da za ta yi fushi.

Malamai mafiya yawa sun halatta a sayar da haja da tsada idan biyan na jinkiri ne, da sharaɗin a tsayar da farashi guda tun a wurin ƙulla ciniki, kuma kada ya ƙaru don mai saye ya makara. A kan haka aka gina murabaha, wato mai kuɗi ya sayi abu ya mallake shi, sannan ya sayar da shi yana bayyana uwar kuɗi da ribar da ya ɗora, tsarin da bankunan Musulunci irin Banque Islamique du Niger ke aiki da shi. Akwai kuma mas'alar arabun, wato kafin alƙalamin da mai sayarwa ke cinyewa idan ciniki ya rushe, wanda Imam Malik ya kawo hani a kansa a cikin Muwaɗɗa, ko da yake Hambaliyya sun halatta shi. Wannan ya shafi mai tsohuwar mota kai tsaye, domin idan ya gaza a wata na 20 aka zo aka ɗauke sabuwar, dole a san tun yau makomar motarsa ta da da kuɗin wata 19 da ya zuba. Wanda bai yi wannan tambaya ba yana iya wayar gari yana jiran kabu-kabu a bakin titi, bayan a bara shi ake jira.

Zama kusa da iyaka ya ƙara wa lamarin wani ƙulli. Wanda ya ƙulla a Daura ko Kano zai biya da naira alhali da sefa yake karɓar kuɗin fasinja, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 canji bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka sai a rubuta da wane kuɗi za a biya, kada a bar shi ga wanda ya fi ƙarfin murya. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya toshe hanyar Kwatano, wadda ta nan yawancin tsofaffin motocin waje da ake kira Beljiyam suke shigowa a da, abin da ya sa hatta tsohuwar da ake turawa ta ƙara daraja, kuma mai ita yana da haƙƙin ya san haka. Sai kuma takardu: shaidar biyan duwan, da inshora, da binyat ta harajin mota, da takardar mallaka da ake kira kat giris, wadda galibi takan zauna da sunan mai sayarwa har a gama biya. A duba lambar da ke jikin ƙarfen motar a gwada da ta takarda, harafi bayan harafi, domin jandarman da ke kan hanyar Takeita ba zai karɓi rantsuwar dillali ba.

Adadin wata-wata kuma a auna shi da watan da ya fi kowane wuya. Da kaka, da lokacin sanyi da ake fitar da rake da kayan lambu daga fadamun Matamaye, mota takan cika har saman rufi, kuma a irin wannan lokaci ne direba ke jin zai iya biyan komai. Da damina jama'a na gona, aljihu ya bushe, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, ga taya da baturi ba sa duba kalanda. A cikin lissafin a ware kujeru biyu na dindindin, ɗaya ta gwaggo ɗaya ta surukai, waɗanda ba a karɓar kuɗinsu kuma sukan ƙaru da zarar an ga sabon fenti. Haka nan a shaida wa mai tsayawa, wato wanda ya lamunce zai biya in an gaza, ainihin nauyin da ya ɗauka, domin da yawa sukan sa hannu suna zaton shaida kawai suka zo yi.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kunyar "ai mun san juna" ba ta soke ta. A rubuta farashi ukun kowanne a layinsa, da ranar biya, da kwanakin sassauci in mota ta kwanta a gareji, da ranar da za a mayar da kat giris sunan mai saye. In da Faransanci aka rubuta, a sami wanda ba ya cin la'ada ya karanta ya fassara, kowa ya riƙe kwafinsa, kuma duk biya a karɓi rasit. Ranar miƙa tsohuwar a cire buta da dardumar salla da jak ɗin aro, a nuna wa sabon mai ita wurin da ake bugawa da tafin hannu kafin fitila ta kama, sannan a sanar da yaran unguwa gidan da ta koma, domin gobe da asuba can za a neme su.