Wasiƙa Zuwa Ga Malam Mita, Mazaunin Jikin Bango

Zuwa ga Malam Mita,
Bangon zaure, kusa da ƙofa,
Dakoro.

Ina yi maka sannu da aiki, sannu kuma da zafi, tunda kai ma cikin bazarar nan kake, ba rumfa ba mafici.

Ƙarar da na kawo guda ce: ba ka san lokaci ba. Duk abin da ya bi ta cikinka sai ka ƙirga shi, ba ka taɓa yafe ko ɗigo ba, amma da za a tsare ka a ce wutar nan da hantsi aka sha ta ko bayan magariba, sai ka yi zuru. Iyakar wayonka shi ne hawa-hawa: mai shan kaɗan a wata ya biya da sauƙi, wanda ya zarce a ɗaga masa farashi. Adalci ne, ban musa ba, sai dai adalcin ƙarshen wata ne. Ita kuwa wuta, ciwonta na sa'o'i ne.

Bari in yi maka ɗan karatu, ko da yake ka girme ni a harkar. Lantarki ba ya ajiyuwa da sauƙi, batir kuma tsada gare shi. A daƙiƙar da na taɓa makunni, dole wani inji a wani wuri ya ƙara nishi. To a watan Afrilu da Mayu, da an sallame magariba, gari duka ke taɓa makunni lokaci guda: fanka, talabijin, firji, cajin waya, kwan fitilar mai shayi. Daidai lokacin ne kuma rana ta tafi gida, duk wani faranti mai zuƙar haskenta ya tashi daga aiki, har da tashar Goru Banda ta kusa da Yamai mai megawat 30 da aka kunna a 2023. Abin da ya rage sai injinan man dizal, masu shan kuɗi fiye da kowa, da kuma wayar da ke shigo wa jihar Maradi da wuta daga Katsina ta Gazawa. Ita ma waya akwai iyakar abin da take iya ɗauka. Ba sai na tuna maka watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a da ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, ba ta dawo da ita ba sai Maris na 2024. Ka samu hutu mai tsawo a lokacin, mu muka yi gumin.

Idan masu nema suka fi abin da ke akwai, maganin da muka sani ɗaya ne: a ɗauke wa wata unguwa. Mai kwan fitila biyu da mai na'urar sanyaya ɗaki uku, duhu ɗaya suke kwana.

Na ji labarin 'yan'uwanka na ƙetare, kuma kada ka ji haushi, sun fi ka ilimi. A Ingila tun 1978 akwai mitar da ke rage kuɗi na sa'o'i bakwai cikin dare, mutane su bar dafa ruwan wanka sai lokacin. A Faransa akwai tsarin da suke kira Tempo, inda aka raba shekara launi uku: kwana 300 shuɗi, masu araha, 43 fari, tsaka-tsaki, 22 ja, masu ɗan karen tsada, jajayen duka a lokacin sanyi. Abin da ya burge ni shi ne tun jajibiri ake gaya wa mutum launin gobe. Ba a yi masa kwanton ɓauna.

Masana sun ma gwada su ga mene ne ke motsa ɗan Adam. Bayan hatsarin tashar lantarki ta Fukushima a 2011, wuta ta yi wa Japan ƙaranci, sai aka ɗauki gidaje kusan 700 a yankin Kyoto. Wasu aka riƙa aika musu roƙo: don Allah a rage shan wuta a sa'o'in cunkoso, a taimaki ƙasa. Wasu kuwa aka ɗaga musu farashin waɗannan sa'o'in. Masu shan wa'azi suka rage wajen kashi 8 cikin ɗari a kwanakin farko, daga nan kunne ya saba, aka koma gidan jiya. Waɗanda aka taɓa wa aljihu suka rage wajen kashi 15, suka kuma ɗore. Ni dai ban yi mamaki ba, ina halartar wa'azi. A jihar Konetikat ta Amurka kuma, gidajen da aka ƙara wa farashi kawai ragin da suka yi bai wuce kashi 7 ba, amma waɗanda aka haɗa musu da ɗan allo a ɗaki, yana nuna abin da suke sha da abin da yake ci musu nan take, sun rage tsakanin kashi 8 zuwa 22. Ka ji, Malam Mita: tsada kaɗai ba ta isa ba, sai mita ya buɗe baki.

Kada ka ce mutanen Dakoro ba za su gane ba. Garin dabbobi ne nan. Yaron da bai iya karatun agogo ba ya san ragon da aka taya ana saura kwana uku Layya ba kuɗinsa ɗaya da na bayan Salla ba, mai dabara kuma tun da wuri yake saye ya turke. Amma lura da kyau: kowa ya san ranar Salla, an ga wata, an yi shela. Ba wanda ke sayen rago, sai ƙarshen wata a ce masa ashe ranar tsada ya saya.

Sai dai akwai inda nake so ka taka a hankali, don na san halinku, da an ba ku ilimi sai ku fara da talaka. Baturen Faransa yana iya ɗage wanki zuwa dare. Ni zafin bayan isha'i ba zan iya ɗage shi zuwa asuba ba, jaririn da ke kuka a ɗakin kwano kuma bai san launin rana ba. Fanka ba ita ce ɓarauniya ba: wat 60 ko 70 take ci. Dutsen guga yana cin wajen 1,000, wato shi kaɗai ya shanye abincin fanka goma sha biyar. Ƙarfen dafa ruwa haka, na'urar sanyaya ɗaki haka ko fiye. Tsohon kwan fitila mai wat 60, sabon mai wat 9 yana ba da haskensa. Nan nama yake. In za ka tsaurara farashin magariba, ka tsallake 'yan kilowat ɗin farko na fanka da fitila, ka je ka sami manyan baki. Ka kuma tuna a Nijar mutum ɗaya cikin biyar ne, ko kusa da haka, ke da wuta. A rugage da ƙauyukan da ke tsakanin nan da Bermo akwai dubban gidajen da suka rage shan lantarki da kashi ɗari cikin ɗari tun kafin a haife ka, ba wanda ya ba su lambar yabo.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ka koyi agogo. Ka sauke farashin safiya zuwa azahar, lokacin da rana ke aiki kyauta, domin mai guga, mai walda, mai injin niƙa da matar da ke daskarar da ƙanƙara don buɗa-baki su sami dalilin yin nasu da wuri. In gobe za a yi cunkoso, a faɗa mana yau, ta waya ko ta gidan rediyo, da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, kuma da murya, don ba kowa ke karanta Faransanci ba. In ma ɗaukewa za a yi, a ce mana daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, mu cika waya da caji, mu fitar da tabarma tsakar gida da mutuncinmu.

Uwargida ta ce in isar maka da saƙo. Ta yarda ta mayar da guga hantsi, ta kuma yarda a cire ƙarfen dafa ruwa daga magariba, amma roƙo ba zai sa ta taɓa tsarin gidanta ba. Tana so ta ga ragin a rubuce, dala nawa ne a kowane kilowat, sa'an nan a yi magana.

Naka a kullum,
Mai biyan kuɗin wuta,
Dakoro.