Ire-iren Masu Kai Kwamfuta Gyara a Minna

Kwamfutar da aka dagula wa saiti ba ta cika mutuwa murus ba. Takan kunnu, ta nuna shuɗin allo, ko ta yi ta tashi tana komawa. Rabin gyaranta shi ne a san abin da aka taɓa, shi ya sa masu gyara a Obasanjo Complex da shagunan Bosso da Tunga sukan daɗe suna tuhumar mai ita kafin su ɗauki sukundireba.

Wanda ya fi yawa shi ne Malam Ban-Taɓa-Komai-Ba. Yakan dire ta a kan tebur ya ce, "Injiniya, wallahi lafiya lau na kashe ta jiya." Sai an tashe ta ta Safe Mode, inda Windows ke ɗauko abubuwan da suka zama dole kaɗai, an ga ɓarnar ƙiri-ƙiri, sannan ya tuna ya ɗan danna wani abu. Idan System Restore a kunne take, ana mayar da saitin yadda yake kwanakin baya, fayilolinsa ba su taɓu ba. Amma sau da yawa System Restore ɗin ya fara kashewa, wai tana cin wuri.

Ƙaninsa shi ne Mai Shara. Ma'ajiya ta cika, ya leƙa System32, ya tarar da ɗaruruwan fayilolin da ba shi ya zuba ba, ya hau gogewa. Windows takan hana shi, ta nemi izini, shi kuwa ya ɗauki hakan raini ne daga kayan da ya saya da kuɗinsa. Fina-finan Indiya da suka cinye wurin ko ɗaya bai taɓa ba.

Almajirin YouTube ya fi su wahalar sha'ani, domin shi ya san wani abu. Ya kalli bidiyon yadda ake sa kwamfuta gudu, ya buɗe rajistar Windows, wurin da canji ke zaunawa nan take babu maɓallin fasawa. Bai ajiye kwafi ba, saboda daidai wannan gaɓar ya tsallake don tattalin data. A shago ba ya zama. Yana tsaye a kan mai gyara yana cewa, "Oga, ai ba haka Baturen ya yi ba."

Akwai Alhajin da ya sa wa BIOS makulli don kada yara su taɓa, ya manta. A tsofaffin na tebur, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo kan share makullin; a sababbin na tafi-da-gidanka sau da yawa ba ya yi. Kafin ya sallama sai ya gwada sunayen 'ya'yansa kaf, da na uwargida, da na amarya a hankali.

Mai ɗora wa wuta laifi wani lokacin da gaskiyarsa. Madatsar Shiroro mai samar da wuta tana cikin jihar da Minna take, amma hakan bai hana wuta ɗaukewa ana tsakiyar sabunta Windows ba, ga batirin 'yar gwanjo ya daɗe da mutuwa.

Ɗalibin ajin ƙarshe daga Gidan Kwano, harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya, shi ake ji wa tausayi. Kundin bincikensa kwafi ɗaya ne, yana ciki, malami na jira. Akan tashi kwamfutar da filashi, a kwashe fayilolin, sannan a sake zuba Windows. Ba ya tayin kuɗi, sai addu'a.

A ɓangaren masu gyaran ma akwai Sarkin Fomatin. Ko sauti ne ya ɗauke, maganinsa a goge komai, wani lokacin ya zuba Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Tambayar ko akwai fayil mai muhimmanci a ciki takan zo ne bayan ya gama.