Motar Cikin Waya

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kano ne ya saka min manhajar kiran mota, ya ce, "Kawu, ai yanzu an daina ɗaga hannu a bakin titi." Na gwada ta a ƙofar gidana a Kazaure. Taswira ta fito tsaf, ga titin Daura, ga dam ɗin Ayuba, amma mota ko ta rantsuwa babu. Na ce to, 'yar birni ce.

Ranar da na shiga Kantin Kwari a Kano sarin atamfa, na gama zan koma tashar Ƙofar Ruwa, sai na zaro waya ina hura hanci. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a 2013, 'yan Adaidaita Sahu ke riƙe da garin, ga su kuwa kamar fari. Duk wanda ya tsaya ya ce, "Alhaji, tafiya ce?" sai in ce, "Motata na hanya."

Tana hanyar kuwa, a cikin waya. Ina kallon 'yar motar tana rarrafe, ta juya, ta tsaya, ta koma baya. Can direba ya kira: "Baba, kana ina?" Na ce gefen mai rake. Ya ce wanne? Na waiga, ashe mai raken ya tura baronsa ya yi gaba. Sai kuma ya ce tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin da waya ke nunawa ba ya fitar da su, in ƙara wani abu. Wato cinikin da aka ce na huta da shi ya biyo ni har cikin waya, ba ma fuskar da zan marairaice wa. Muna tsaka da "albarka" caji ya ƙare.

Ɗan Adaidaitan da na kora ɗazu ne ya dawo. "Alhaji, motar taka ba ta iso ba?" Na shige ban tanka ba, dilar atamfa a cinya, buhun albasar wata baiwar Allah a kan ƙafata.

Daga tasha na hau mota, bayan isha'i muka wuce Dambatta muka sauka Kazaure. Ɗan acaɓa bai tambaye ni unguwa ba, ya dire ni ƙofar gida, ya ce canji sai gobe. Lambarsa na karɓa, kuma duk sanda na kira, zuwa yake.